Aku Ba Tsuntsun Gidan Yawa Ba Ne



Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa ya san aku tun kafin ya gan shi da ido, kuma littafin Magana Jari Ce ne ya jawo haka. A nan Zariya Alhaji Abubakar Imam ya zauna ya rubuta shi a 1936, aka fara buga shi a 1937. Tun daga lokacin, akun da ke cikin kanmu shi ne wancan mai hikima, wanda ya tsare ɗan sarki da labarai har aka naɗa shi waziri. Shi ya sa da zarar magidanci ya samu ɗan sarari ya ce zai saya wa yara tsuntsu, hankalinsa ba ya zuwa ko'ina sai kan aku mai launin toka da jar wutsiya. Ni kuwa a ganina, cikin duk tsuntsayen da ake sakawa a keji, babu wanda ya kai wannan akun rashin dacewa da gidajenmu na cikin ganuwa.

Ku dubi gida a Kwarbai ko Unguwar Juma ko Limancin Kona. Zaure ɗaya, sassa uku ko huɗu, yara sun haura goma, almajirai na shiga da fita, masu sayen awara na sallama, da dare janareta ya ɗauka. Mutum zai ce ai nan ne ma aku zai ji daɗi, tunda ba zai yi kaɗaici ba, kuma ga maganar koyo har ta yi yawa. Amma hayaniya daban, kulawa daban. A dajinsa aku cikin garke yake rayuwa, yana kuma da abokiyar zama guda wadda suke daɗewa tare. Idan aka kawo shi gida, mutum ɗaya yake zaɓa ya manne masa, yana son wannan mutumin ya zauna da shi sa'o'i kowace rana, ya yi masa magana, ya fito da shi daga keji. A gidan yawa wa ke da wannan lokacin? Maigida ya fita tun safe, uwargida na fama da murhu da wanki, yara sun tafi boko, su dawo su wuce islamiyya. Abin da ya rage wa tsuntsun shi ne masu wucewa: wannan ya buga keji, wancan ya zura kara yana cewa "aku ka ce sannu". Daga nan sai ihu, sai cizo, ƙarshe ya fara fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har fata ta bayyana. Idan kun taɓa ganin aku da ƙirji tsirara, yawanci damuwa ce ta kai shi ga haka.

Basirarsa ce ke ƙara masa wahala. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi irin wannan akun a 1977 ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazari a kansa har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa har shida. Halittar da ke da irin wannan ƙwaƙwalwa ba za ta jure zama a kejin da bai fi kwandon kaji ba, an rataye ta a bakin zaure kamar agogon bango. Kuma bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri ba zai ji tausayin yatsan yaro ɗan shekara uku ba.

Sai maganar hayaƙi, wadda ita ce masu sayarwa ba sa faɗa. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, iskar da za mu shaƙa mu yi tari kawai tana iya kashe shi. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986, don idan iska ta gurɓace shi ne zai fara faɗuwa. To lissafa abin da ke tashi a tsakar gidanmu daga asuba zuwa dare: hayaƙin itace da gawayi, turaren wuta, hayaƙin janareta, igiyar leƙo, maganin sauro na fesawa. Har kaskon zamanin nan mai baƙin shafi da abinci ba ya kamawa, idan ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Wace amarya za ka ce wa ta daina turaren wuta saboda aku? Ga hunturun Zariya. Wannan tsuntsu ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan Kuros Riba da Kamaru da Kwango inda danshi ba ya yankewa, ba a yi shi don busasshiyar iskar Disamba da Janairu ba. Shi ma kansa jikinsa na fitar da wani farin gari mai laushi da ke tayar wa masu asma da ciwo.

Abinci ma haka. Mun saba aku gyaɗa ce da ɗanyen masara, shi ke nan. Gyaɗa zalla maiƙo ne, ba ta ba shi abin da ƙashinsa ke buƙata, wadda ta yi fumfuna kuwa guba ce. Yana buƙatar ganye da karas da gwanda da mangwaro da hatsi iri-iri, da ruwa mai tsabta kullum. Abokado da cakulan suna iya kashe shi. Shayi da kofi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ke bugar masa da zuciya, kuma a gidan da kaka ke zaune da goronta, jikoki na zagaye, ina mai tabbatar muku wata rana sai an gutsura masa don a ga yadda zai yi.

A ce ma duk an kiyaye wannan. Aku na iya shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum. Wanda ya saye shi yana ɗan 45 ya sani cewa magada ne za su ƙarasa kiwon. Yaran da aka saya dominsu za su girma, mata su yi aure, maza su tafi Kaduna ko Abuja neman abinci, tsuntsu na nan. A tuna kuma ba ya tace abin da ya ji. Gidan da ake da abokan zama da surukai, kalmar da aka faɗa cikin fushi a bayan labule, shi zai maimaita ta da muryar mai ita ranar da baƙi suka cika tsakar gida.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: daga ina aka samo shi? Aku ba ya hayayyafa cikin sauƙi a keji, don haka mafi yawan waɗanda ake yawo da su a ƙasar nan kamo su aka yi a daji, wasu da danƙo, wasu a ɗebe su daga kogon bishiya tun suna 'yan tsaki, da yawa kuma su mutu a hanya kafin su iso. Wani bincike a Ghana ya nuna ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta daga 1992. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ma tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Akun da aka kamo da girmansa bai cika sabawa da mutum ba, kuma yana iya zuwa da cutar da ke kama mutane ta numfashi, mai kawo zazzaɓi da tari.

Ba ina cewa kada a ajiye tsuntsu ba ne. Malamai sun kafa hujja da ƙaramin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsunsa a Madina ba a hana shi ba. Sun kuma tunatar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Sharaɗin dai kulawa ne.

Idan lallai dangin aku ake so, a nemi ƙananan nan 'yan asalin Ostareliya da ake kiwo a keji tun kaka da kakanni. Akwai wanda Turawa ke kira bajeriga, ɗan mitsitsi mai kore ko shuɗi ko rawaya, gero da dawa da ɗan ganye sun ishe shi, yana shekara 5 zuwa 10, cizonsa ba ya fasa yatsa. Kada a raina shi wajen magana, don wani mai suna Puck ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728. Akwai kuma kokatil mai tukku, mai sanyin hali, ya fi gwanancewa a fito, yana kai shekara 15 zuwa 20. A sayi biyu, su ɗebe wa juna kewa lokacin da gida ya shagala, ko da yake biyu ba sa koyon magana kamar guda. Tsiryarmu ta gida mai doguwar wutsiya tana jure yanayinmu, amma tana da ƙara, kuma ita ma daga daji ake kamo ta.

Ko wanne aka zaɓa, a fara da sanin sunan mutum ɗaya baligi da kiwon ke wuyansa, ba "yara" ba. Keji ya zama mai faɗin da tsuntsu zai buɗe fiffike ya yi ɗan tashi, a ajiye shi nesa da madafa da janareta, inda mage ba ta kaiwa, a rufe shi da dare ya samu barcin sa'a goma. A tambayi mai sayarwa ya nuna iyayen tsuntsun. Idan ya fara kame-kame, a bar masa kayansa. Sabon tsuntsu kuma a kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a duba shi kafin yara su fara taɓa shi.

Gidan da ba a samu wannan mutum ɗayan ba, a gina ɗakin tattabaru a saman katanga. Su kan fita kiwo da safe su dawo da yamma, ba ruwansu da wanda ya kula su, kuma yaro na iya koyon kiwonsu tun yana aji uku.