Wa Zai Rubuta Hotoron Da?



Mai bin titin Maiduguri yau, abin da zai gani a Hotoro shi ne daffon NNPC, tankokin mai da gidajen bulo. Amma tsofaffin unguwar suna tuna lokacin da wurin ƙauye ne, gero da dawa ko ta ina. Da masana'antun Bompai, Sharada da Challawa suka jawo ma'aikata, birni ya faɗaɗa, gonaki suka koma fulotai.

Mu kuwa kullum taurarin labaranmu suna Dubai ko Abuja. Ni ma da nawa laifin. Na tambayi matasa uku asalin sunan Tsamiyar Boka, kowa da tasa amsar. Dattijon da aka ce in nema, ina ta cewa sai na samu sarari, har aka yi jana'izarsa kafin azumi.