Ina Mace Da Yaro Za Su Zauna Su Ci Abinci A Tasawa?

Kwanan baya na taso daga Maijirgi da maiɗakina da yara uku, muka nufi Tasawa ganin likita. Kafin layi ya zo kanmu azahar ta yi, autanmu ya fara kukan yunwa. Muka tsaya wajen wata mai abinci kusa da tasha. Benci biyu ne, direbobi da 'yan kabu-kabu sun cika su maƙil. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, sayo mana a leda kawai." A gindin wani dogon yaro suka ci, ta juya wa titi baya, ƙura na sauka a kan abincin. Miyar ma yaji ya yi mata yawa, sai gaya yaran suka ci.

Tun ranar abin yake cina a rai. Ka duba wuraren cin abincinmu daga Mayahi zuwa Tasawa har cikin Maraɗi, mafi yawansu don namiji mai tafiya shi kaɗai aka yi su. Teburin mai shayi, tukubar mai nama, bencin mai tuwo, duk majalisar maza ce. Alhali mata ne ke dafa yawancin abincin, su ne kuma ke cika asibiti da kasuwa da goyo a baya.

Wani zai ce ai ba al'adarmu ba ce iyali su ci a waje, akwai kunya. Gaskiya ne, a gida tuwon gida ya fi. To amma wadda tafiya ta kama fa? Kunyar ce ma ta sa ya kamata a yi mata wuri mai sutura, maimakon a bar ta a bakin titi.

A nan nake ganin akwai abin koyi wajen mutanen Japan, waɗanda su ma ba baya ba ne wajen kunya. Tun 1930 babban kantin Mitsukoshi da ke tsakiyar birnin Tokiyo ya fito da farantin yara: abinci kaɗan-kaɗan, da 'yar tuta a kan shinkafa don yaro ya yi marmari. A 1970 kamfanin Skylark ya buɗe gidan abincinsa na farko da aka tsara don iyali, har irinsu suka bazu a ƙasar. Abin da ya fi burge ni shi ne, a gidajen abincinsu da yawa akwai ɓangaren da ake tuɓe takalmi a zauna ƙasa kan tabarma, a kewaye ƙaramin tebur. Da ka zauna za a kawo ruwan sha kyauta da tsumma mai laima na goge hannu. Uwa ta kwantar da jariri kusa da ita, ta ci a natse.

Ba ina cewa a kawo mana ɗanyen kifinsu ba. Dambu da zogale, shinkafa da wake da kilishin Tasawa sun ishe mu. Tsarin nake magana, kuma babu abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Tabarma tamu ce tun kaka da kakanni. A ƙara rumfa ɗaya, a kewaye ta da zana, a ajiye buta da sabulu da randar ruwa mai murfi. A ware miya marar yaji, a riƙa sayar da rabin kwano na yara. Magajin gari kuma ya taimaka da bayan gida mai tsabta kusa da tasha.

Hajiya mai abinci, wannan riba ce gare ki. Direba kwano ɗaya zai ci ya tashi, ni kuwa a ranar baki biyar na zo da su. Da mun samu wurin zama, da har fura mun sha.

Allah ya sa masu abin su ji.