BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kowace shekara, da zarar karatu ya kankama, sai takardun gayyata su yi ta kwararowa ofishin Ƙungiyar Ɗalibai kamar ruwan Agusta. Yau taron shugabannin ɗalibai na ƙasa, gobe gasar muhawara, jibi wasannin jami'o'i ko taron ƙara wa juna sani. Yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati ko na kamfani, su ma haka abin yake a wurinsu, don ba a rasa taron shekara-shekara a Abuja ko Ikko ko Kaduna wanda za a ce ofis ya tura wakilai. Kowa yana so a ce da shi za a tafi. Amma abin da muka lura da shi shi ne, ɗokin tafiya ya fi shirin tafiya yawa a tsakaninmu, nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa muka keɓe shafin ra'ayinmu na wannan fitowa domin mu yi magana a kan yadda ake ɗaukar jama'a zuwa taro.

Mai karatu ya san yadda aka saba. Takardar gayyata takan iso tun da wata guda, sai ta kwanta a cikin fayil. Sunayen wakilai ba sa fita sai ana gobe tafiya, kuɗi kuma ba ya barin hannun ma'aji sai bayan la'asar. A ce a hallara ƙarfe shida na safe, amma mota ba za ta ɗaga ba sai azahar, domin wani babba bai fito ba, ko kuma sai a lokacin aka tuna ba a sha mai ba. Sai dare ya riski mutane a daji. A isa garin taro cikin tsakar dare ba a san inda za a kwana ba, gari ya waye wakilai suna gyangyaɗi a zauren taro, a yanke shawarar da ta shafi dubban ɗalibai alhali waɗanda aka tura su kare ra'ayinmu suna barci. Kuɗin jama'a ya tafi, sunan makaranta ya zube, kuma an jefa rayukan 'ya'yan mutane cikin haɗari ba gaira ba dalili.

Abin kunya ne a ce mu da ake kira masu ilmin zamani mun kasa abin da kakanninmu suka ƙware a kansa ba tare da waya ko mota ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan haɗa ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga, a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Ba su taɓa tashi kara zube ba. Akwai madugu uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma shi ke ɗauke da alhakin kowa. Akwai jagaba, wanda ya san hanya, yake wucewa gaba ya duba zango. Akwai uban dawaki mai tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai kuma malamin ayari mai riƙe da rubutu da lissafi. Kowa ya san aikinsa tun kafin a ɗaura wa jaki mangala. To, idan mutum huɗu sun iya riƙe ayarin da ya cika gari, me zai hana kwamitin ɗalibai ko na ofis riƙe mutum talatin a mota ɗaya?

Tambaya ta farko da ya kamata madugun zamani ya yi ita ce: shin tafiyar ma ta zama dole? A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, hatta Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta koma yin zamanta ta intanet, kuma aikin gwamnati bai tsaya ba. Wannan ya nuna mana cewa taron da ba a yin komai a cikinsa sai karanta rahoto da tafi, ana iya yinsa kowa yana ɗakinsa. Amma fa ba mu cikin masu cewa a daina haɗuwa ido da ido. Zumunta a ƙafa take. Inda za a yi zaɓe, ko a sasanta rikici, ko a ƙulla yarjejeniya, ko a koyi aikin hannu, to babu abin da zai maye gurbin zama a tabarma ɗaya, domin sau da yawa maganar da take warware matsala a bakin ƙofar zaure ake yinta, ko wurin shan shayi. Abin da muke cewa shi ne, a auna tukuna. Tafiyar da ta cancanci a yi ta, ta cancanci a shirya mata.

Sai batun su wa za su tafi. A nan ne son zuciya ya fi shigowa. A watan Disamba na 2023, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Dubai, sunayen mutum 1,411 ne suka fito a matsayin tawagar Nijeriya. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta ce mutum 422 kaɗai ta ɗauki nauyinsu. Ko a hakan ma jama'a ba su gamsu ba, har ta kai a watan Janairu na 2024 fadar Shugaban Ƙasa ta ba da sanarwar rage yawan 'yan rakiyar manyan jami'ai da kashi 60 cikin ɗari. Mu ɗalibai muna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a lokacin. To, amma mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Sau nawa aka cika motar ƙungiya da abokan shugabanni da 'yan kanzagi, aka bar wanda ya rubuta takardar da za a gabatar yana tsaye a bakin titi? Wanda ya saba da haka yana ɗalibi, ranar da ya zama babban sakatare shi ne zai kwashi mutum ɗari zuwa Dubai. A ganinmu, duk sunan da zai shiga jerin wakilai, a rubuta aikin da mai shi zai yi a gabansa. Sunan da aka rasa abin rubutawa a gabansa, a soke shi, ko na wane ne.

Game da kuɗi, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, shatar mota ta zama abin da ake zama a yi wa lissafi da fensir. Kasafin da aka yi da ka, ko aka kwafo daga fayil ɗin bara, ba zai kai kowa ko'ina ba. Wajibi ne ma'aji ya je tasha da ƙafarsa, ya ji farashi a wuri biyu ko uku, ya rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, da na masauki, da na abinci, da na rajistar taro, sa'an nan ya ware wani abu domin ko-ta-kwana, saboda taya takan fashe, mutum yakan kwanta ciwo. A biya kowa kuɗin guzurinsa kafin a tashi, a gaban shaida, ya sa hannu. Kada kuɗin tawaga duka ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Yayyenmu ma'aikata kuwa, muna tuna musu cewa karɓar alawus na kwana biyar a taron da aka yi wa kwana biyu, ko sa hannu a takardar halarta a koma kasuwa, sunansa cin amana, ko da kowa a ofis yana yi.

Yanzu sai babbar magana, wato hanya. A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura kaɗan su iso gida. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu matasa tsararrakinmu. Allah ya jiƙansu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Ba mu kawo wannan don mu ɗora wa kowa laifi ba, ajali idan ya yi kira babu makawa. Mun kawo shi ne domin duk wanda zai sa hannu a takardar tafiyar jama'a ya tuna cewa direba ɗan Adam ne. Tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 ba ta direba ɗaya ba ce, kuma ba ta yini ɗaya ba ce. A sa direbobi biyu, a raba tafiyar zango biyu, a kwana a hanya. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai ran mutum ɗaya ba.

Haka kuma, kafin a biya kafin alƙalami, a sa wanda ya san mota ya duba birki da tayoyi da fitilu, ya tabbata akwai safaya da jak, ya ga lasin direba da takardar inshora da idonsa. Kada a ɗauki mutum fiye da yawan kujeru. A tashi da sassafe, a tsara inda za a tsaya salla da cin abinci, a kuma yanke cewa magariba za ta sami tawaga a cikin gari. Wanda ya makara, a tafi a bar shi, ko da shugaba ne, domin jiran mutum ɗaya shi ke jefa mutum talatin cikin tafiyar dare. A bar cikakken jerin sunayen matafiya da lambar wani nasu a ofishin kula da harkokin ɗalibai, madugu kuma ya riƙa sanar da gida duk zangon da aka kai.

Waɗanda suke da halin jirgi, kada su ɗauka sun tsira daga shiri. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya sauƙaƙa wa jama'a ƙwarai, amma bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022, sai da ya yi fiye da wata takwas a tsaye. A 2017 kuwa an rufe filin jirgin saman Abuja har mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Duk wanda ya shirya taro a waɗannan lokuta da hanya ɗaya tak a ransa, ya ji jiki. Jagaba na ƙwarai yakan san hanya biyu. Tikitin mutum ashirin kuma ba a samunsa a safiya ɗaya, sai an nema tun da wuri, kuma sunan da ke jikin tikiti ya dace da na katin shaida.

Masauki ma a kama shi tun kafin a bar gida, a sami tabbaci a rubuce, kuma ya kasance kusa da wurin taro. A nan muna da ƙorafi na musamman. Sau da yawa 'yan'uwanmu mata sukan janye daga tawaga, ko iyayensu su hana su, saboda babu wanda zai iya faɗa musu takamaimai inda za su kwana. Daga baya sai a ce mata ba sa son shiga harkar ƙungiya. Laifin na masu shiri ne. A tanadar musu masauki nasu mai tsaro, a sa babbar ɗaliba ko malama a cikin tawaga, a gaya wa iyaye ranar tafiya da ta dawowa. Haka nan a tuna da ɗan'uwa mai keken guragu ko makaho, a tambayi masu masauki ko akwai ɗaki a ƙasa, a kuma san mai ciwon da ke buƙatar magani kullum.

Tafiya ba ta ƙare ba sai an dawo an ba da labari. Ɗan aike da ya dawo ya yi shiru, bai cika aike ba. Saboda haka muna kira ga Majalisar Wakilan Ɗalibai da ta kafa doka a wannan zangon karatu: kada a fitar da ko kwabo domin wata tafiya sai an gabatar mata da sunayen wakilai da kasafi da tsarin hanya mako biyu kafin ranar tashi, a naɗa madugu ɗaya da sunansa ga kowace tawaga, a haramta tafiyar dare da motar ƙungiya, kuma cikin mako guda da dawowa a liƙa rahoton taro da lissafin kuɗi, tare da rasit, a allon sanarwa inda kowane ɗalibi zai gani. Wanda bai kawo rahoton tafiyar baya ba, kada a sake tura shi. Muna roƙon hukumar jami'a ita ma ta riƙa duba lafiyar motocinta a kan kari, ta daina ba direba ɗaya aikin mutum biyu.

Wataƙila wani ya ce mun cika tsanani, tafiyar kwana uku ce kawai. Amsarmu ita ce, a irin waɗannan ƙananan ayyuka ake gane wanda za a iya danƙa wa babba. Gobe mu ne za mu riƙe ma'aikatu da kamfanoni, mu shirya jigilar alhazai, mu tura tawagar ƙasa zuwa waje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Taro na gaba yana tafe, takardarsa ma wataƙila tana cikin fayil yanzu haka. Sai a ciro ta a fara fafe gora. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.