Ƙurar Fure: Shaidar Asalin Zuma

A watan Maris na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a kan zumar da ake shigarwa ƙasashenta. Daga cikin samfuri 320 da aka gwada, an tuhumi 147, watau kashi 46 cikin ɗari, da cewa an yi musu algus da ruwan sukari. A 2024 sai aka gyara doka, aka wajabta rubuta sunayen ƙasashen da zuma ta fito a jikin kwalba.

Wannan doka ta ƙara wa ƙurar fure daraja, watau garin nan da ƙudan zuma ke kwasowa a ƙafafunsa na baya. Kowane irin tsiro da siffar ƙurarsa, saboda haka idan aka duba zuma da madubin ƙara girma, ana iya gane itatuwan da ƙudan ya sauka a kai, har a san yankin. Shi ya sa masu son ɓoye asalin hajarsu sukan tace ta ƙaƙaf.

Amfaninta bai tsaya ga shaida ba. Ƙwayar tana da ɓawo mai taurin gaske, don haka masana sukan niƙa ta, ko su farfasa ta da igiyar sauti, su jiƙa ta cikin sinadarin itanol da ruwa, sannan na'ura ta rarrabe abin da ya narke. A ciki akan sami sinadaran filabonoyid, masu rage lalacewar ƙwayoyin halitta a gwajin kwalba, kuma yawansu yakan bambanta bisa ga tsiro da yanayi. Sai dai gwajin kwalba daban, warkar da majinyaci daban. Hasali ma ƙurar takan tayar wa wasu mutane borin jini mai tsanani, don haka bai kamata a sayar da ita da sunan maganin kowace cuta ba.

A nan akwai aiki a gaban jami'o'in ƙasar nan da hukumar NAFDAC. Wajibi ne a tattara cikakken kundin ƙurar ɗorawa da kaɗanya da bagaruwa da sauran itatuwan da ake ɗora amya a kansu, a kuma auna sinadaransu. Muddin mai amya ba shi da takardar ɗakin gwaji, farashi ɗaya za a yi wa zumarsa da ta mai algus, komai kyanta.