Bindigar uba ba ta shiga rabon gado

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo cikin fada-fada da kan wayoyi, wai a ƙasashen Turawa kowa na da ƙaramar bindigarshi, uba ya ba ɗa, wa ya ba ƙane, ba ruwan hukuma. Masu wannan zance suna so mu yarda cewa pistole kamar gona ce ko saniya, in mai ita ya rasu a ɗauko ta a sa cikin kason magada. To, bari mu je Kanada mu gani, tunda su ma Turawan ne.

Dokar Kanada ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda ake bari, kamar yawancin na farauta, waɗanda aka taƙaita, da waɗanda aka haramta. Yawancin ƙananan bindigogi na cikin kaso na biyu. Wadda bakinta bai wuce milimita 105 ba kuwa tana cikin haramtattu. Kafin mutum ya samu lasisi sai ya cika shekara 18, ya yi horo kan kiyaye haɗari, ya ci jarrabawa, a binciki tarihinshi, ya jira aƙalla kwana 28. Cikin takardar neman lasisin akwai wurin sa hannun matarshi, kuma sai ya ambaci wadda suka rabu da ita cikin shekara biyu da suka wuce. Ku lura da wannan wuri. Hukuma ta san babu wanda ya san zuciyar namiji kamar wadda ta zauna ɗaki guda da shi. Lasisin kuma shekara biyar ne, sai a sabunta.

Tun da can ma, uba ba ya iya miƙa ma ɗanshi pistole haka nan kawai. Sai ɗan na da lasisin kanshi, sai babban jami'in kula da bindigogi na lardin ya amince, sannan a sake rajista da sunan sabon mai ita. Daga ranar 21 ga Oktoban 2022, gwamnatin Justin Trudeau ta rufe wannan ƙofar ma: ba saye, ba sayarwa, ba kyauta tsakanin mutane, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. A Disamban 2023 majalisa ta mayar da matakin doka, wadda ake ce ma C-21. Wanda ke da tashi zai ci gaba da riƙe ta. In ya rasu, iyalinshi sai su miƙa ta ga 'yan sanda, ko gidan tarihi, ko kamfani mai izini, ko a kashe ta yadda ba za ta ƙara harbi ba. 'Yan tsiraru aka ware, kamar 'yan wasan harbi na Olamfik.

Ni dai na ce sun yi daidai a kan tushen maganar: izinin riƙe makami na mutum ɗaya ne, kuma yana bin shi kabari. Za a ce mini barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ai Hausawan da suka faɗi wannan su ne suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dattijon da ya shekara talatin da bindiga cikin akwati bai taɓa nuna ma kowa ita ba, shi ne ya haifi yaron da ke shan tramol, shi ne ya haifi wanda ke dukan matarshi, shi ne ya haifi wanda ke rigima da ƙannenshi kan iyakar gona. Haƙurin tsoho ba a raba shi cikin gado, amma harsashi yana nan yadda ya bar shi.

Wanda zai kawo mini hujjar addini, ya koma farkon Suratun Nisa'i. Ko dukiyar maraya, da take halalinshi, ba a damƙa mishi ita sai an jarraba shi an ga hankalinshi ya nuna, kuma an hana sakar ma wawa dukiya. In kuɗi na buƙatar a duba hankalin mai karɓa, ina ga abin da ke ɗauke rai cikin ƙiftawar ido?

Masu adawa da dokar a Kanada suna da hujja mai nauyi. Suna cewa 'yan ta'adda ba sa neman lasisi. Mutumin da ya kashe rai 22 a lardin Nova Scotia cikin Afrilun 2020 ba shi da lasisi, kuma yawancin makamanshi daga Amurka suka shigo ta ɓarauniyar hanya. Gaskiya ne. Amma gida mai ƙofa biyu, don ɓarawo na haurowa ta baya, ba a cewa a bar ta gaba a buɗe. Ana tsare iyaka, ana kuma tsare abin da ke ƙarƙashin katifa.

Mu nan mun fi su buƙatar jin wannan. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka watsu cikin Sahel. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san abin da ake nufi da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, kuma ba mai zargin manomin da tsoro ya sa yake tunanin neman abin kare kai. Sai dai pistolen gado ba ta tare gungun mutane masu kalashnikof. Inda take aiki shi ne cikin gida: ranar da kishi ya tashi, ranar rabon gona, ranar da yaro ɗan shekara goma ya buɗe akwatin kakanshi. Wata kuma a sayar da ita a asirce don kuɗin biki, ta bi hannu uku ta isa dajin da muke kuka da shi.

Ƙasar nan ta taɓa nuna ta san hanya. Tun 1994 muke da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma a Satumban 2000 an ƙona makamai a Agadas a bainar jama'a da sunan zaman lafiya. Abin da ya rage shi ne mu kawo wannan hankali cikin zaure.

Malamai da alƙalai da masu unguwa, ku ne ake kira ranar rabon gado. Kuna tambayar gona, kuna tambayar bashi, kuna tambayar wasiyya. Ku ƙara tambaya ɗaya: marigayi ya bar bindiga? In an ce i, kar a ƙirga ta cikin kaya, kar a ba babban ɗa ajiya. A sanar da jandarma ko komisariya, a karɓi takardar shaida. Ɗan da ke ganin yana da buƙata ya je ya nemi izini da sunanshi, a bincike shi kamar yadda ake binciken kowa. Ita kuma hukuma, ta sauƙaƙa ma mai kawowa da kanshi. In bazawara ta kawo bindigar mijinta aka tsare ta da tambayoyi har la'asar, maƙwabciyarta za ta binne tata a bayan ɗaki.

Allah ya ba mu zaman lafiya.