Tunkiya Ta Fi Rago Bukatar Harawa

Abin mamaki ne manomi ya tara wa ragon layya dusa da harawa, ya bar tunkiya mai ciki tana kalen kara. Cikin tunkiya wata 5 ne, amma yawancin girman ɗan a mako 6 na ƙarshe yake. Lokacin nan yana jan sukari daga jininta, da sinadarin gina ƙashi. In abinci ya gaza, sai ta rame, ta ƙi kiwo, ta kwanta, galibi mai tagwaye. Kanwa ba ta maganin wannan. Ya kamata a ware mata harawar gyaɗa ko ta wake da dusa tun kaka, har ta yaye. Rago na shekara guda ne, tunkiya kuwa ita ce garke.