Gwamnati Ce Ya Kamata Ta Ja Ragamar Fasaha

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata gardama da ake yawan yi, wai gwamnati ta tsame hannunta daga sha'anin fasaha ta bar wa 'yan kasuwa. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma dalilaina suna nan kusa da mu, a bakin kogin Rima.

Masu wancan ra'ayi sukan kafa hujja da wayar salula. Sukan ce kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, sai da kamfanoni suka shigo sannan mai albasa a Wurno ya iya jin farashin Legas yana zaune a garkarsa. Gaskiya ne. Amma wa ya buɗe musu ƙofa? Gwamnati ce ta sayar da lasisi a 2001, ta kuma ɗora wa hukumar NCC aikin sa ido. Ɗan kasuwa kuwa inda riba take can yake kafa ƙarfensa, shi ya sa har yanzu a wasu ƙauyuka sai an hau tudu ake samun sabis.

To, mu dubi madatsar ruwa ta Goronyo. An gama gininta a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Babu attajirin da zai zuba dukiyarsa a irin wannan aiki, domin ribarsa ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma ba ta shekara ɗaya ba ce. Daga gare ta birnin Sakkwato ke samun ruwan sha, manoman rani kuma suna noman shinkafa da albasa da tafarnuwa.

Sai dai fa jan ragama ya wuce gina babban abu a yi bikin buɗewa a watse. A 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje tun daga Goronyo har Wurno da gaba. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai har hankalin jama'a ya tashi. Ruwa ɗaya, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan! Wannan yana nuna ana bukatar masu auna ruwan sama, da masu yashe laka, da hanyar gargaɗin manoma tun da wuri. Waɗannan ayyuka ba su da ɗaukar ido, ba a yanka musu zare, amma su ne ainihin aikin. Ga kuma abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda manoma suka rasa rayukansu kan rikicin gonaki da diyya. Fasahar da aka kawo ba tare da shawarar masu ƙasa ba, ƙarshenta kuka.

Abin da ya fi damuna shi ne injin ban-ruwa. Shi ya maye gurbin jigo a fadamunmu, kusan kowane manomi yana da shi ko yana haya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mai ke cinye ribar albasa. Alhali kuwa rana ce dukiyar da Allah Ya hore mana a yalwace, kuma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun shekarun 1980. Me zai hana gwamnati ta tsara yadda injin mai aiki da hasken rana zai isa hannun manomi bashi, ya biya bayan girbi? Ta kuma sa a koya mana gyaransa a makaranta, kada ya lalace a jira makaniki daga Kano.

Wannan ma ba baƙon tunani ba ne a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina cewa wajibi ne shugaba ya kula da manoma da maƙera da marina, ya wadata garuruwa da su. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya kafa jami'a a Zariya a 1962 domin Arewa ta sami injiniyoyinta.

Mu da ke aji yanzu, a shirye muke mu koya. Ina roƙon iyayenmu, duk lokacin da masu neman ƙuri'a suka zo, ku tambaye su nawa suka ware wa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantun Wurno da Rabah da Goronyo.